Tsagar Baba Ibrah

Basiratu ta danna wayarta ta fara ɗaukar murya, ta ajiye ta kan tabarma kusa da ƙafar Inna Haske. Tsohuwar nan ƙanwar kakarta ce, kuma a ƙauyensu na gefen Damana ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka ga ƙuruciyar babanta Ibrah.

"Inna, Haruna ɗan baffan Baba ya kai shi ƙara gun maigari kan gonar gado. Wai Baba tsintacce ne, shi ya sa yake da tsagar Zabarmawa alhali mu Kurfayawa ne. Baba kansa bai san gaskiya ba, abin na cin ransa. Wa ya haife shi?"

Rana tsaka ce, zafi kamar bakin murhu, amma tsohuwa ta ce a saki labule, ta kuma sa Basiratu ta leƙa bayan ɗaki. Ba kowa sai kaji.

"Kakarki Maimuna wabi taka yi," in ji Inna Haske, murya ƙasa-ƙasa. "Duk ɗan da ta haihwa, kahin yaye wani abu ya zo ya ɗauke shi. Da aka haihi Ibrah sai muka aje shi kan juji, wata Bazabarma ta tsince shi, wanzaminsu ya yi mai tsagarsu. Sannan Maimuna ta amshe shi wai riƙo, don abin nan ya zo ya ga baƙo ya wuce. Ita ta haihe shi. Har ta mutu ba ta ce mai ɗana ba."

Basiratu ta ji daɗi har hawaye ya zo mata. Ga shaida, Haruna ya sha ƙasa!

"Kada ki hiɗi a waje," tsohuwa ta kama hannunta. "Abin bai bar nema ba."

Basiratu, malamar lakwal guda, mai koyar da 'yan boko kimiyya, ina ita ina wannan tsoro? Ta ce to, ta yi sallama.

A motar komawa Filingué ɗoki ya hana ta haƙuri. Ta kunna muryar a hankali ta kara a kunne, tana shirin aika wa dangi. Sai ta ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ga shi ko ɗigon ruwa ba a yi ba. Wata mata ce a gefenta, lulluɓe da baƙin zane. Basiratu za ta iya rantsewa buhun gero ne a wurin lokacin da suka taso.

"Ɗiyata," in ji matar, ba ta juyo ba, "Ibrah na ji an ambata? Ɗan wa ne? Na daɗe ina cigiyar wani yaro."

Yatsunta suka sauka kan gwiwar Basiratu, sanyi ƙalau kamar gindin randa. Tsoro ya kama Basiratu, tsoro na gaske. Ta tuna Baba yana gida kwance, tari ya hana shi sakat tun girbi.

"Tsintacce ne, Iya," ta ce. "Ba a san uwarsa ba."

Matar ta janye yatsunta. "To, ba shi ba ne."

Ta ƙwanƙwasa jikin mota, ta sauka a wani fili da babu gari babu rijiya. Basiratu ba ta waiwaya ba. Nan take ta goge muryar.

Ta tarar da Baba zaune a ƙofar gida, ya sa rigarsa ta Juma'a ko da yake Laraba ce, yana jiranta.

"Mi tac ce?"

"Tsufa ya kama Inna, Baba. Ta ce ta mance."

Ya jinjina kai, ya daɗe yana kallon hanya.

"Ba komai," ya ce. "A bar wa Haruna gonarsu. Dama jikina ya ba ni, ba ni da kowa."

Basiratu ta ɗauki butarsa ta shige gida, ta tsaya gaban randa ta kasa ɗiban ruwan.