Rakiya a Bakin Gaɓa

Mijina Tokuji bai taɓa tambayar hanya ba tunda na aure shi. Shi ya sa da ya ce zai zaga da surukanmu tsofaffin garuruwan bakin teku, gabana ya faɗi. 'Yarmu Tomie ce za ta auri ɗan Hamaoka, mutanen Kyoto, irin waɗanda ko tari za su yi sai sun nemi gafara. Tokuji kuwa so yake su san cewa ba gidan sakarkaru ɗansu zai shiga ba.

Da farko abin ya yi kyau, ban ɓoye ba. Mun ga rumbunan gishirin Takehara, mun hau matakalan Onomichi har matar Hamaoka ta yi haki, mun ci kifi gasasshe a Tomo. Sai muka kwana a wani ƙaramin masauki a tsibiri, na wata tsohuwa, Iya Fusa, wadda gwiwoyinta suka gama aiki tuntuni. Da sanda take tafiya.

Da safe ana yayyafi ta rako mu bakin gaɓa. Mai masauki dai ba ya juya baya sai baƙo ya ɓace masa da gani, kowa ya san wannan. Ta tsaya can ba lema, don hannu ɗaya na sanda ne, ɗayan na ɗaga mana.

Jiragen ruwa biyu ne a tsaye. Na ce, "Baban Tomie, mu tambaya mana."

"Ke dai shiga," in ji shi. "Tun ina saurayi nake hawa jiragen nan."

Muka shiga na dama. Daga mu sai wani mai keke da kwandunan lemo. Ko zama ban gama gyarawa ba jirgin ya tsaya. Ashe ɗan fiton nan ne mai tsallaka mashigi zuwa tsibirin da ke daura, inda in ka yi kira da ƙarfi za a ji ka. Babban jirgin da ya kamata mu hau kuwa ga shi can ya yi huci ya nufi gari.

Na waiga. Iya Fusa tana nan, tana ɗaga hannu, tana sunkuyawa.

Na raɗa wa Tokuji, "Mu koma da jirgin nan. Ka ce kuskure ne, ba mutuwa za ka yi ba."

Kunnuwansa suka yi ja. Ya juya ga Hamaoka yana murmushi. "Akwai wani tsohon wurin bauta a saman tudun nan, suruki. Da gangan na kawo ku. Ba kowa ya san shi ba."

Muka sauka, muka kama hawan tudu. Wayyo ni. Ina ma ya zaɓi hanyar da ta bi bayan dutse. Matakalan tudun nan duk suna fuskantar gaɓar da muka baro, ko bishiyar kirki babu. Duk kwanar da muka sha, ga Iya Fusa can. Ta sunkuya, Hamaoka da matarsa su tsaya su sunkuya, mu ma dole mu sunkuya. Ruwa ya ƙaru. Ni dai kunya ta hana ni kallon matar Hamaoka, sai takalmana nake kallo.

"Baban Tomie, tsohuwar nan fa za ta faɗi."

"Ai yanzu za ta shige gida."

"Ta shige ina? Tana ganinmu!"

A sama babu wurin bauta ko ɗaya, sai tankin ruwa da rumfar ajiye kwanduna. Hamaoka ya dubi tankin da kyau, kamar wani abin tarihi, ya ce, "Iskar nan tana da daɗi." Da ya zage mu da ya fi mini sauƙi. Matarsa ce ta ce a hankali, "Kamar dai Iya ta daina ɗaga hannu." Muka duba. Ta riƙe sandar da hannu biyu, kanta a ƙasa, amma ba ta gusa ba.

Tokuji ne ya fara gangarawa, da gudu-gudu.

Da ɗan fiton ya mayar da mu, Iya Fusa ta jiƙe sharkaf, leɓɓanta sun yi fari. Ta ce, "Sannunku da dawowa. Ku yafe mini, ban nuna muku jirgi da kyau ba."

Nan Tokuji ya karye. A gaban surukansa da mai fito, ya zube bisa jiƙaƙƙen siminti, ya kafa goshi a ƙasa. "Laifina ne, Iya. Na san na ɓata, girman kai ya hana ni dawowa."

Raina ya ɗan yi sanyi, na ce yau dai mijina ya yi abin kirki. Sai na ji sanda ta faɗi. Mai masauki ba ta tsayawa a tsaye baƙonta yana ƙasa. Iya Fusa ta dafa ƙasa da hannu ɗaya, tana cije leɓe, ta sauke gwiwoyin nan nata cikin ruwa ɗaya bayan ɗaya, ta kai goshinta ƙasa da nasa.

"Tashi mana!" na daka masa tsawa. "Tashi, za ka kashe ta!"

Ya miƙe zumbur. Ita ce ta kasa.