Bijimin Cikin Waya

Keken ya faɗa wani rami a fitar Gwallaga, wayar ta kusa suɓuce wa Radiyya. Ta cafe ta, ta sake kai ta dab da hancin Habibatu.

"Dubi tozo, Malama! Don Allah dubi tozo. Sati shida kacal da saye."

A cikin wayar wani farin bijimi ne yake kiwo hankali kwance, an rubuta masa 114 da jan fenti a haƙarƙari. Na Radiyya ne, in ji Radiyya. Ba ta taɓa ganinsa ido da ido ba, ba ta san a wace jiha yake kwana ba, amma duk Juma'a kamfanin Garken Zamani yana turo mata bidiyonsa, ita kuma ta zaga maƙwabta da shi kamar hoton ɗan da ya tafi karatu waje.

Tsarin mai sauƙi ne, yadda wani saurayi mai farin gilashi da zaƙin baki yake bayyana shi a intanet. Ki tura kuɗin sa, su yi miki kiwo, da babbar salla su sayar, su ninka miki. Babu kuɗin ruwa, ciniki ne na halal, har da muryar wani malami da ba a faɗi sunansa ba yana sa albarka. Yau da la'asar za a rufe karɓar sababbin mutane. Sati uku ke nan ana cewa yau za a rufe.

Habibatu malamar firamare ce, albashinta kuwa yakan yi sallama da ita tun kafin wata ya raba. Abu ɗaya ta mallaka a duniya da za a kira dukiya: saniyarta Wule, mai farin goshi, jikar karsanar da marigayi mahaifinta ya ba ta ranar suna. Tana hannun ƙanen mahaifin nata, Bappa Jalo, a rugarsu ta bayan gari. Ita ce Habibatu ta sa aka koro zuwa kara, kasuwar shanu, yau don a sayar, a zuba kuɗin a Garken Zamani. Radiyya, maƙwabciyarta kuma ƙawarta ta shekara tara, ita ta biya kuɗin keken ma, abin da ba ta taɓa yi ba.

Wannan biyan kuɗin keken ne ya fara tsaya wa Habibatu a rai.

"Mu gani," ta ce, ta karɓi wayar.

Shekararta goma sha biyu a ruga kafin a kawo ta gari makaranta. Ta manta tatsa, Fillancinta ma ya yi tsatsa, amma idon bai manta ba. Ta maimaita bidiyon sau uku.

Ta dubi Radiyya. "Maman Hafizu, wannan ciyawar fa? Shar da ita har gwiwa, mu kuma nan zafin bazara yana gasa mu."

"Ban-ruwa suke yi. Rijiyoyin burtsatse gare su."

"Har da gajimare suke yi wa ban-ruwan? Dubi sama."

Radiyya ta yi dariya, dariyar ta ɗan wuce yadda maganar ta cancanta. "Ke dai kin cika bin diddigi. Shiga guruf ki ga yadda mata ke godiya."

Ta shiga. Mata ɗari uku da wani abu, amma shugabanni huɗu ne kawai ke da ikon rubutu. Godiyar ma su ke turo ta a madadin masu ita. Ga ta Zubaida mai markaɗe, wadda suke zuwa Islamiyya tare: muryarta tana rawa don murna, ta sayar da injinta ta sayi sa, ga bidiyonsa a ƙasa. Farin bijimi, lamba 207.

Habibatu ta buɗe shi da yatsu biyu, ta matso da kansa. Ƙahon hagu ya ɗan fi na dama rusunawa. Kunnen dama da tsaga biyu. Ta koma kan 114. Sai ta miƙa wa Radiyya wayar, daidai lokacin da suka iso.

Kara ta cika maƙil, kukan shanu da hayaniyar dillalai da warin kashi. Bappa Jalo yana tsugune a inuwar wata darbejiya, sandarsa a kafaɗa, igiyar Wule a hannu. Dogo ne siriri, ba ya son gari, ba ya son waya, yau kuma da alama ba ya son kowa. Wani dillali yana ta zagaya saniyar yana taɓa ta nan da can yana taɓe baki, irin taɓe bakin wanda kaya suka yi masa.

Suka durƙusa suka gaishe shi. Ya amsa a taƙaice.

"Habibatu, dukiyarki ce, ban hana ki ba. Amma ki sani ciki gare ta, wata huɗu. Biyu za ki sayar a kuɗin ɗaya."

Wule ta juyo ta dube ta da manyan idanun nan, tana tuƙa. Habibatu ta ji kunya ta rufe ta, har da haushin kanta.

"Bappa, akwai abin da nake so ka duba mini. Maman Hafizu, ara mini wayar."

"Malama, lokaci fa yana tafiya."

"Ara mini."

Tsohon ya riƙe wayar nesa da fuskarsa kamar za ta tofa masa wani abu. Ta nuna masa 114. Ta nuna masa 207. Ta gangara cikin guruf ta samo na wata Hajiya, lamba 61, shi ma ta nuna masa. Bai ɗauki minti biyu ba.

"To, na gan shi. Sai me?"

"Su nawa ka gani, Bappa?"

"Su nawa kamar yaya? Sa ɗaya kika nuna mini sau uku. Wani mara aikin yi yana ta ɓata masa jiki da fenti."

"Baba, fararen shanu ai duk kama suke yi," in ji Radiyya da sauri.

Bappa Jalo ya dube ta sama da ƙasa, da tausayi sosai.

"A idonku na 'yan birni. 'Yata, ke za ki ɓata ɗanki a cikin yaran makaranta don duk riga ɗaya suka sa? Ga ƙaho, ga tsagar kunne, ga tabon da ƙaya ta yi masa a cinya. Kuma wannan ya tsufa, ya gama yin naman da zai yi. Hoton ma na damina ne. In ya kai war haka da rai, to mahauta sun yi sakaci." Ya miƙa wayar. "A ina garken yake? Mu hau mota mu je, in taɓa shi da hannuna."

"Ba sa bari a je. Saboda ɓarayin shanu."

"Ɓarayin shanu," ya maimaita a hankali, ya gyaɗa kai. "Lalle kam."

Dillalin, wanda ya kasa kunne tun ɗazu, ya ga ciniki yana neman zille masa. Ya matso ya ƙara taya a kan na farko, ya rantse ba a taɓa yi wa saniya irin wannan daraja ba a kasuwar nan. Habibatu ba ta ko dube shi ba. Ta sa hannu ta shafa farin goshin Wule.

"Bappa, ka yafe mini wahalar da na ba ka. A mayar da ita gida."

Bai ce madalla ba, bai ce na gaya miki ba. Ya miƙe, ya kaɗe rigarsa, ya yi wa saniyar magana da Fillanci, suka kama hanya su biyu.

Habibatu ta juyo da zuciya cike da tausayin ƙawarta. Ta san Radiyya sarƙar aurenta ta sayar, ba da sanin mijinta ba. Tana ta shirya kalaman da za ta lallashe ta da su har suka fito bakin titi, inda kekuna ke jira. Ta zaci kuka, ko salati, ko zagin mai farin gilashi. Ba ko ɗaya. Radiyya tana tafe tana kallon ƙasa, fuskarta babu mamaki ko na sisin kwabo.

Habibatu ta tsaya cak.

"Radiyya."

Rabon da ta kira ta da sunanta tun kafin a haifi Hafizu.

"Tun yaushe kika sani?"

Wata babbar mota ta wuce da shanu, suka jira ƙararta ta lafa.

"Ni ban san na shanun ba, wallahi. Ban iya gane su ba." Muryarta ta yi ƙasa. "Sati biyu da suka wuce babansu Hafizu ya tambayi sarƙar, za mu biki. Na ce su ba ni uwar kuɗina, na yafe ribar. Suka ce ba a fita sai an kawo mutum biyu."

"Zubaida ce ta farko."

Radiyya ta gyaɗa kai.

"Ni ce ta biyu."

"Na yi niyyar ina karɓar nawa in ce ke ma ki fita, Malama. Na rantse da Allah."

"In fita da su wa? Su wa zan kawo?"

Sai yanzu hawayen suka zo wa Radiyya. Habibatu ta dube ta, ta nemi fushi a ranta ta same shi, amma baƙin ciki ya fi shi yawa. Shekara tara suna aron gishiri ta kan katanga.

"Don Allah kar Zubaida ta ji tukuna," in ji Radiyya. "Jiya take ce mini ta shawo kan yayarta, gobe za ta tura."

Wani mai keke ya matso ya leƙo da kai. "Hajiya, Gwallaga?"

"Fadaman Mada," in ji Habibatu. "Gidan Zubaida mai markaɗe, zan nuna maka."

Ta shiga, ta matsa can ƙarshen kujera, ta bar wuri. Ba ta kira Radiyya ba, ba ta kuma ce wa mai keken ya ja ba.

"Mutum ɗaya ne ko biyu?" ya tambaya.

"Ɗan jira," ta ce. "Yanzu za mu sani."