Kuɗin Ƙarshen Hannu

Kok Wai ya zauna a kan akwatin, ya ce babu mai buɗe shi.

Tsoho Tiong Ghee yana tsaye a bakin ƙofa da baƙin kofi a hannu. Bai shiga ba, bai koma ba. Gidansa da na Boon Huat bangon katako ɗaya ya raba su, can a ƙarshen gadar da ta miƙe cikin teku, kuma tun suna samari duk abin da aka faɗa a wancan ɗaki yana jin sa a nasa. Yau ma ya ji. Kok Wai, ɗan Boon Huat, ya iso daga Singafo da safe, ya gaida ubansa da ke kwance, ya kunna turare a teburin kakanni. Kafin hantsi ya ɗaga har an fara gardama.

"Ba rowa nake yi ba, Kawu," in ji Kok Wai. "Ka ga ɗamarar nan? Ka ga hatimin? Tun daga inda aka buga kuɗin nan hannun mutum bai taɓa su ba. Muddin yana a haka, dillali zai karɓa ya biya ba tare da ya duba ko ɗaya ba. In aka yanke, aka sa musu hannu, gumi ya ci su suka yi baƙi, sai abin da ya ga dama zai bayar."

"Na tambaye ka?" in ji Tiong Ghee.

"Kallon da kake yi mini ya fi tambaya."

Boon Huat yana kwance a gadon da ke gindin taga, ya ƙanƙance kamar busasshen kifi. 'Yarsa Poh Lin tana jiƙa masa leɓe da tsumma. Hasken ruwa yana shigowa ta tagar yana yawo a jikin rufin ɗaki, idon tsohon yana biye da shi. Hannuwansa biyu suna kan ƙirjinsa, suna turawa gaba suna dawowa a hankali, yadda yake tuƙa kwalekwale a tsaye lokacin da manyan jirage ke jira a tsakiyar ruwa.

Da Tiong Ghee aka sayo akwatin. Ranar da likita ya gaya wa Boon Huat gaskiya, bai ce wa kowa komai ba, sai ya sayar da kwalekwalensa. Bayan kwana biyu ya buga bango ya ce, "Kai tsoho, sa riga ka raka ni gari."

Shagon masu sayar da azurfa yana saman bene, da sanyi kamar cikin ƙanƙara, ƙofarsa ba ta buɗewa sai an danna daga ciki. Boon Huat sulallan azurfa kaɗan ya je saye, daidai yawan 'ya'ya da jikoki. Yarinyar da ke bayan gilashi ta sa farar safar hannu ta ɗauko guda ɗaya, mai hoton ganye a gefe. Ta ce in ɗaiɗai ne da tsada, in akwati ne guda, ɗari biyar a ciki, kowane ɗaya ya fi sauƙi. Kusa da su wani saurayi mai agogon zinariya yana cewa a ware masa akwati biyu, kamar mai sayen ƙwai. Yarinyar ta kalli silifas ɗin Boon Huat ta ce, "Amma Kawu, ɗaiɗai ɗin ma babu laifi."

Boon Huat ya kalli saurayin, ya kalli silifas ɗinsa. Ya ce, "Akwati."

Ba su iya ɗaukar sa a hannu ba. Da mota ta sauke su a bakin gada, sai suka ɗaure shi a tsakiyar gora, kowa ya saɓa gefe ɗaya a kafaɗa, suka bi katako suna tangaɗi. Mata suna leƙowa suna tambaya ko alade aka gasa. Tiong Ghee ya zage shi tun daga bakin gada har ƙofar gida.

Amma ya san dalili. A wajensu, in mutum ya zo barin duniya, ana sa masa kuɗi a tafin hannu, ya miƙa wa 'ya'yansa da jikokinsa ɗaya bayan ɗaya. Kuɗin ƙarshen hannu ake ce musu. A ƙulle su a farin ƙyalle a ɗaura a wuyan hannu har a fita makoki, daga nan a ajiye, ba a kashewa, su ne irin arzikin gida. Uban Boon Huat ya fita da kwalekwale wata safiya, teku ba ta dawo da shi ba. Babu gawa, babu hannu. Tun daga nan, in taru ya yage, in inji ya mutu, in ciniki ya lalace, magana ɗaya Boon Huat yake yi: bai karɓi komai daga hannun ubansa ba.

Kok Wai ya zaro sabuwar takardar kuɗi daga aljihu, ya durƙusa a bakin gado.

"Baba, ga wannan. Yanzu kowa da ita yake yi. Ka riƙe ka ba mu, ya wadatar."

Hannuwan suka tsaya. Boon Huat ya juyo da ido, kamar wanda aka kira daga nesa.

"Takarda?" Muryarsa ta fito siririya. "Takarda matattu ake ƙona wa. Ka jira in mutu tukuna."

"To ka ɗora hannunka a kan akwatin. Duk ɗaya ne."

"Uwarka ta taɓa ɗora hannu a kan tukunya ta ce ka ƙoshi?"

Poh Lin ta yi 'yar dariya, ta goge ido da gefen tsumman. Kok Wai ya tashi ya koma kan akwatin ya zauna. Ya dubi Tiong Ghee ya rage murya.

"Kawu, kai ka san gidan nan. Poh Lin ta bar aikinta don ta yi jinyarsa. Ba miji, ba albashi. Kwalekwale ya tafi. Wannan akwatin shi kaɗai ya rage mata. Ni ba na son ko ɗaya. In ya tafi gobe, me za ta ci? Al'ada?"

Tiong Ghee ya juya kofin da ke hannunsa. Yaron bai yi ƙarya ba. Kuma ko da ya yi, ba hurumin maƙwabci ba ne. Wanda ba jinin gida ba ba ya taɓa kuɗin ƙarshen hannu, balle ya yanke musu ɗamara. Ya shanye kofinsa ya koma gida.

Ya zauna a kujerarsa, bayansa jingine da bangon. Ƙarƙashin daɓen katako ruwa yana lasar turaku, kuma ya ji sautin ya sauya. Ruwa ya fara janyewa. Mutanen gada ba sa mutuwa da cikar ruwa, da janyewarsa suke tafiya. Haka matarsa ta yi, haka uwarsa.

Ta cikin bango yana jin Boon Huat yana magana da waɗanda babu su. Yana kiran sunayen jirage da aka daɗe da farfasawa. Yana ce wa wani ya zauna a tsakiya kada ya kifar da su. Tiong Ghee ya rufe ido, sai ga su su biyu, baƙaƙe wulik saboda rana, suna tsere zuwa wani farin jirgi da ya yi tsayin bene, matuƙa suna jefo tsaba cikin ruwa daga sama, su kuwa suna nutsewa suna bin ƙyallinta tana lilo tana sauka. Boon Huat ne kullum yake fara kamawa. Ya fito da ita a baki yana dariya, ruwa yana zuba daga gashinsa.

Ya buɗe ido. Warin laka ya fara tasowa.

Ya tashi ya zaro wuƙarsa ta gyaran taru daga jikin bango, ya goge ta a wando, ya fita.

Wannan karon ya cire takalmi ya shiga. Ya wuce Kok Wai kamar bai gan shi ba, ya ajiye wuƙar a kan tabarma kusa da gwiwar Poh Lin.

"Kwanaki kin ce taki ba ta yanka," ya ce. "Ga aro."

Ba ta taɓa cewa haka ba. Ta kalli wuƙar, ta kalli tagar, inda turakun gidan maƙwabta suka fito tsirara, kore-kore da gansakuka.

"Yaya," ta ce, "ka ce akwatin nan nawa ne?"

"Naki ne. Na faɗa a gaban Kawu."

"Duka?"

"Duka."

"To tashi daga kan kayana."

"Poh Lin, ki yi tunani. Ba yau ba, shekara goma nan gaba."

"Na yi. Ni nake wanke shi, ni nake jin abin da yake faɗa in kuna barci. Tashi."

Kok Wai ya kalli Tiong Ghee. Tsohon yana kallon rufin ɗaki. Kok Wai ya tashi.

Poh Lin ta sa wuƙar, ɗamarar ta tsinke da ƙara kaɗan, kamar an karya tsinke. A ciki 'yan kwalabe ne na roba a jere, kowace cike da sulalla. Poh Lin ta yi ta fama da murfin guda ɗaya, farcenta ya karye bai buɗu ba. Kok Wai ya tsaya yana kallo, sannan ya karɓa ya cije murfin da haƙori ya fizge. Azurfar ta zubo a kan bargo, sabuwa fil, fara kamar cikin kifi. Haskenta ya hau rufin ɗaki ya gauraya da na ruwa.

Sai dai hannun Boon Huat ba ya iya damƙewa. In ta sa masa ɗaya sai ya zame.

"Kawu," in ji Poh Lin.

"Ba na taɓa kuɗin."

"Ban ce kuɗin ba. Hannun."

Tiong Ghee ya zauna a gefen gado ya tallabi wuyan hannun maƙwabcinsa. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Kantar filafilin tuƙa kwalekwale tana nan a tafin, ita kaɗai ce ba ta rame ba. Poh Lin ta ɗora sule ɗaya. Sanyinsa ya dawo da Boon Huat cikin ɗakin. Yatsun suka lanƙwasa a kansa a hankali, babban yatsa ya shafa ganyen.

"Kok Wai," ya ce.

Ɗan ya durƙusa ya tara hannu biyu. Tiong Ghee ya karkatar da hannun, sulen ya gangara ya faɗa. Kok Wai ya damƙe shi, ya sunkuyar da kai har goshinsa ya taɓa katakon gado, ya daɗe a haka.

Sai na Poh Lin. Sai jikokin da ke Singafo, ya kira su da suna, ubansu yana karɓa. Sai waɗanda ba a haifa ba tukuna. Ya ce a ba 'ya'yan Poh Lin nasu.

"Baba, ni da wa zan haife su?"

"Karɓi dai. Kifi ba ya gaya wa mutum ranar zuwansa."

Ta karɓa. Suka ci gaba, ita tana ɗorawa, Tiong Ghee yana karkatarwa, azurfa tana sauka cikin kwanon shinkafa da ƙararta mai daɗi. Boon Huat ya daina kiran suna. Idonsa ya koma rufi. Hannun ya fara turawa gaba yana dawowa, Tiong Ghee ya bar shi, yana bin sa kawai, kamar su biyu ne a kan filafili ɗaya.

Can ya tsaya. Boon Huat ya juyo ya kalli wanda ke riƙe da shi, ya gane shi sarai. Wani abu mai kama da dariya ya motsa a gefen bakinsa.

"Kai tsoho. Tara hannu."

"Na 'ya'ya ne."

"Na sani. Karɓa, ka ce mini Baba."

"Uwaka," in ji Tiong Ghee a hankali. "Na girme ka. Ina tafiya da ƙafata aka haife ka."

"Girman kai zai kashe ka."

"Kai me ya kashe ka?"

Boon Huat ya yi dariyar da ba ta da sauti. Da kansa ya karkatar da hannun, ba wanda ya taya shi. Tiong Ghee bai tara ba. Sulen ya faɗi a daɓe, ya mirgina a tsaye ya wuce ƙafar gado, ya sami tsaga tsakanin katako biyu ya shige. Ba su ji saukarsa ba.

Da suka ɗago, Boon Huat ya tafi. Tafin hannunsa a buɗe, da ɗumi.

Tiong Ghee ya ajiye hannun a kan ƙirji, ya ɗora ɗayan a kansa. Poh Lin ta fara kuka ƙasa-ƙasa. Kok Wai ya tashi ya nemo farar takarda don rufe madubi da teburin kakanni. Wannan aikin 'yan gida ne. Tsohon ya sa takalminsa ya fita.

Bai shiga gida ba. Ya zauna a bakin gada tsakanin ƙofofin biyu, ƙafafunsa suna reto. Teku ta yi nisa, laka ta shimfiɗu tana sheƙi har inda ido ya tsaya. Ya leƙa ƙasa. Sulen yana nan a gindin turken da gidajen biyu suka haɗa, rabinsa a cikin laka, rabi yana kallon sama. Wata 'yar ƙaguwa ta fito daga raminta, ta taɓa shi da ƙafa, ta koma.

Ga tsani nan kusa, taku kaɗan ne. Ya kalli tsanin, ya zauna inda yake.

Wajen la'asar ruwa ya juyo. Ya zo siriri-siriri yana bin ƙananan hanyoyi cikin laka, ya kewaye turken, ya hau kan azurfar. Ta ci gaba da ƙyalli a ƙarƙashinsa, tana rawa kaɗan, Tiong Ghee yana sunkuye yana kallo har ruwan ya yi zurfi.