Ƙararrawar Shamsiyya

A dogon hutun bana wata ƙungiya ta ari ajujuwan wata makaranta a Shahuci, ta tara 'yammata don ta koya musu shugabanci kafin a koma karatu. An ba su riguna masu rubutu, waɗanda hijabi ya rufe har da rubutun. An ba su shinkafa da rana. An kuma ba su Anti Amira.

Daga Abuja aka turo Anti Amira. Haihuwar Kano ce, amma ta daɗe da warkewa. Darasinta ba shi da yawa: shugaba ba ta sunkuyar da kai, ba ta magana ƙasa-ƙasa, ba ta durƙusa wa kowa. 'Yammatan sukan haddace wannan da safe, da yamma su koma gida su durƙusa su gai da iyayensu, kowa ya zauna lafiya.

Ranar rufe sansanin za a zaɓi yarinya ɗaya da za ta je babban taron ƙungiyar a Abuja. Shamsiyya tana son tafiyar nan kamar ranta, don ba ta taɓa wuce Kwanar Dangora ba. Sai dai mutum biyu ne a kan hanyarta. Anti Amira ce mai zaɓe. Mai ba da izini kuwa shi ne Baffa Abdussalam, wan mahaifinta, babban gidansu na Yakasai, gidan da kakanninsu fataken Turabulus suka kafa.

Baffa ya ce zai duba. A gidan an san dubawarsa: akwai wanda ya nemi izinin sayen babur tun kafin a hana acaɓa, har yanzu ana dubawa. Mutum ne mai ƙa'ida. Yaro zai fasa tulu a yafe masa, amma ya kuskura ya sha ruwa a tsaye, sai ya ji wa'azi tun daga soro har tsakar gida. Abin da kawai ya ƙara a kan maganar Abuja shi ne, zai ga ko sansanin ya bar wa yarinyar sauran kunya.

Da safiyar ranar rufewa Anti Amira ta kira Shamsiyya, ta damƙa mata wata 'yar ƙararrawa ta tagulla.

"Ke ce mai gabatar da taro. Duk wanda ya wuce lokacinsa, ki kaɗa masa. Ko wane ne. In kika bari wani ya cinye mana taro, Husaina ce za ta je Abuja. Leadership ke nan."

"To, Anti."

"Kalle ni ki faɗa."

Shamsiyya ta kalle ta ta faɗa.

Sai da ta shiga ɗakin taron ta ga wanda aka ajiye a kujerar uban taro. Wani mai hikima a ƙungiyar ya nemi dattijo mai mutunci a cikin gari, ya kuma ɗauka yarinyar za ta ji daɗi idan aka gayyato na gidansu. Baffa yana zaune cikin farar alkyabba, sandarsa a jingine da tebur. Kusa da shi wakiliyar masu ɗaukar nauyin sansanin ce, wadda jirginta zai tashi da yamma. Can baya, cikin iyaye mata, Umman Shamsiyya ta hango ƙararrawar a hannun 'yarta, ta dafe ƙirji.

Aka buɗe da addu'a. Shamsiyya ta gayyaci uban taro ya yi taƙaitaccen jawabi, ta miƙa masa makirufo da hannu biyu.

Baffa ya ce ba zai tsawaita ba. Waɗanda suka san shi suka gyara zama.

Ya fara da cewa shugabanci ba baƙon abu ba ne a zuriyarsu. Don a gane haka, dole a koma ranar da kakan kakansa ya ɗaura wa raƙuma kaya a Turabulus. Ya faɗi abin da ke cikin kayan. Ya faɗi sunan madugu, da abin da madugun ya yi wa wani yaro mai satar dabino. Lokacin da aka ware masa ya ƙare ayarin bai ma shiga Sahara ba.

Anti Amira ta ɗaga yatsa daga gefen ɗaki, ta kaɗa shi a iska.

Shamsiyya ta dubi ƙararrawar. Ta riƙe ɗan ƙarfen cikinta da yatsa, kada ta kaɗu da kanta.

"Kaɗa mana, shugaba," in ji Husaina, abokiyar takararta, daga bayanta, da raɗa. "Ko nauyi ta yi miki? Kawo in riƙe miki, ki huta."

"Rufa min baki."

"Ni dai na riga na goge jakata."

Hadari ya haɗu a waje, ɗakin ya yi duhu. Wakiliyar ta dubi agogonta, ta sake dubawa, ta fara tura takardunta cikin jaka. Ba a yi muhawara ba, ba a raba satifiket ba, shinkafa tana hucewa a kuloli. Baffa ya iso wata rijiya a garin Gat, ya tsaya shayar da raƙuma.

Anti Amira ta tako har bayan kujerar Shamsiyya. "Yanzu," ta ce ta cikin haƙora. "Ko ki miƙa wa Husaina."

Shamsiyya ta dubi bayan ɗaki. Umma tana girgiza mata kai a hankali. Babu wanda ya taɓa katse Baffa a gidansu, balle da ƙararrawa, kamar ana korar ɗan firamare daga filin wasa. In ta kaɗa, Anti za ta zaɓe ta, Baffa ya gama dubawa nan take. In ba ta kaɗa ba, babu ma abin da zai duba.

Ta ajiye ƙararrawar a hankali, ba ta yi ko ƙis ba. Anti Amira ta ja tsaki. Shamsiyya ta ɗauki kofi, ta cika shi da ruwa, ta ratsa gaban jama'a. Da ta isa gabansa ta durƙusa har ƙasa, ta ɗaga kofin sama.

"Baffa, ga ruwa. Muryarka ta fara dushewa."

Baffa ya tsaya a tsakiyar jimla. Ya dubi kofin, ya dube ta, ya daɗe yana dubanta. 'Ya ta kawo ruwa a durƙushe a gaban jama'a, ba a mayar da shi. A tsaye kuma ba zai sha ba, ga rabin mutanen gidansa suna kallo. Ya waiwaya ya nemi kujera. Hannu ɗaya zai tattare alkyabba, ɗaya zai karɓi kofi. Shamsiyya ta miƙa tafinta na hagu, kanta a sunkuye. Ya ɗora mata makirufon.

Ya zauna, ya yi bismillah, ya fara sha yana hutawa tsakanin kurɓi, yadda yake koya wa yara. Kafin ya sauke kofin ta miƙe.

"Allah ya saka wa uban taro da alheri, ya ƙara masa girma da lafiya."

Amin ɗin da ta fito daga ɗakin nan, ko a masallacin Juma'a sai an yi sa'a. Shamsiyya ta kira 'yan muhawara.

Bayan an tashi Anti Amira ta tsare ta a baranda, ruwa yana zuba a kan kwano.

"Kin durƙusa. A gaban baƙi. Duk abin da na koya muku kin kwashe shi kin zuba a kofi. Na ce ki kaɗa ko ban ce ba?"

Ƙarar sanda ta sa ta yi shiru. Baffa ne, wakiliyar tana biye da shi.

"Malama," ya ce, ba ya murmushi, "wa ya koya wa yarinyar nan abin da ta yi mini?"

Shamsiyya ta kafa ido a ƙasa. Anti Amira ta buɗe baki za ta amsa. Wakiliyar ce ta riga ta. Ta ce ta zaga sansanoni da yawa, ba ta taɓa ganin an karɓe makirufo daga hannun babban mutum ba tare da an yi ɓatacciya ba. Wannan ce za ta zo Abuja, ko?

"Ita ce," in ji Anti Amira. "Ai yana cikin manhajarmu, Alhaji."

"Na ga alama," in ji Baffa.

Ya juya ga Shamsiyya, wadda tuni ta sake durƙusawa, a gaban Anti, ba a kuma ce mata komai ba.

"Ki gaya wa uwarki ta haɗa miki kaya."

"Na gode, Baffa."

"Ban gama ba. A Gat na tsaya, ko Agadas ba mu kai ba. In kin dawo za ki zauna a soro ki ji sauran, ke kaɗai." Ya gyara alkyabba, ya dubi ruwan sama. "Kuma zan sha ruwana tun kafin ki zo."