Waɗanda Ba Su Dawo Ba

"Ƙara mini filo ɗaya, Maman Biyu. Magana zan yi, kuma ba na son yin ta a kwance."

Maman Biyu ta ajiye kofin shayin da Dakta ta ƙi sha, ta tallabo ta, ta cusa mata filon a baya. Jikin ba nauyi ko kaɗan, in ban da ƙafafun da suka kumbura suntum. Shekara da shekaru katanga ɗaya ce tsakaninsu, ita tana taka keken ɗinki a wannan gefen, Dakta tana fama da takardu a wancan. Ba ta taɓa zaton za a wayi gari tana ɗaga matar nan kamar yarinya ba.

"In na mutu, ki je asibiti ki gaya musu."

"Haba Yaya, wace irin magana ce wannan? Za ki tashi da yardar Allah."

"Ni fa likita ce, ko kin manta? Ba tashi zan yi ba. Ki je ɗakin kati, ki ce mai wannan lambar ta rasu, a gida, rana kaza. Aikin ke nan."

Likita ce ɗin kuwa, amma irin wadda unguwa ta daɗe tana yi wa dariya a bayan ido. Ba ta allura, ba ta rubuta magani. Ka kai mata yaro da zazzaɓi, sai ta taɓa goshinsa ta tura ka asibiti, in ka dawo kuma tambayarta ɗaya ce, wai sun rubuta? Aikinta shi ne karanta katunan marasa lafiya, dubu bisa dubu, irin waɗanda nas-nas ke cikewa a gurguje, don ta gano wane magani ke yi wa wa aiki, wace cuta ke bin wace. Mai shagon bakin titi yakan ce ita kaɗai ce likitar da ke duba takarda ta bar mai ciwo. Ta ji, ta yi dariya har da ƙwalla, ta ci gaba da sayen sabulunta a wurinsa.

"Saurara ki ji," in ji Dakta, tana jan numfashi tsakanin magana. "Maganin ƙodar nan da nake sha sabo ne. Wata rana wata irina za ta zauna ta ƙirga, nawa suka sha, nawa suka rayu, nawa suka tafi. Wanda ya mutu a gadon asibiti, an rubuta shi. Wanda ya mutu a gida, wa zai koma ya faɗa? Sai dai a rubuta bai dawo ba. Mai ƙirga ba ta san ko warkewa ya yi ko binne shi aka yi ba. Sai magani ya fito tas a takarda, a ci gaba da ɗura wa mutane."

"To maganin ne ya jawo miki wannan?"

"Ban sani ba. Wataƙila ma shi ya ƙara mini watanni. Ni ɗaya ba zan nuna komai ba, amma a ƙirga ni. Rabin rayuwata na ƙarar ina bin sawun waɗanda ba su dawo ba, gida-gida, har karnuka sun san ni. Yanzu kuma in shiga layinsu? Ai da abin kunya."

"Injiniya fa? Ai shi ya fi cancanta."

"Ɗana fushi yake da asibitin nan. Ko sunansa ba ya son ji."

Maman Biyu ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta. Ita ma ai ba shiri take da wurin ba. A can mijinta ya cika, a kan gadon turawa, a dogon barandar da ke kaiwa ɗakin gaggawa, tana riƙe da takalmansa. Tun daga ranar ba ta sake taka ƙofar ba. In 'yan biyu ba lafiya, gara ta shiga mota biyu ta kai su wani ƙaramin asibiti a wancan ƙarshen gari. Ko kasuwa za ta, zagaye take yi don kada ta ga ginin. Kuma ɗakin kati, kowa ya sani, yana ƙarshen wannan barandar.

"Na san abin da nake roƙo," Dakta ta ce a hankali. "Da ina da wata da ban roƙe ki ba."

Maman Biyu ta so ta ce a'a. Wallahi ta so. Amma matar da ke kallonta ita ce ta zauna da ita makonni bayan rasuwar nan, ba wa'azi ba dogon lallashi, sai dai ta kawo takardunta ta baje a kan teburin yanka ta yi aikinta kusa da ita.

"To, Yaya," ta ce.

Ba a daɗe ba rai ya yi halinsa, da rana tsaka, taga a buɗe, ana jin yara suna buga ƙwallo a layi. Injiniya na riƙe da hannunta. Maman Biyu ce ta gyara mata ɗankwali, ta kashe fankar da ke kaɗa takardun kan tebur.

Da baƙi suka fara raguwa, ta sami Injiniya a falo yana tattara kwalaben magani cikin leda.

"Ɗana, katin asibitin Yaya nake so."

"Me za ki yi da shi, Anti?"

Ta faɗa masa. Ya tsaya cak, leda a hannu.

"Su da suka sallame ta suka ce a je gida a yi jinya? Yanzu mu ne kuma za mu bi su da rahoto? In sun damu su neme ta mana."

"Ba za su nema ba. Ita ta faɗa mini da bakinta. Kuma ba don su ta ce a je ba."

Ya goge fuska da tafin hannu. Can sai wata guntuwar dariya ta kubce masa, irin wadda ke zuwa da hawaye.

"Mama ke nan. Ina yaro, ko faɗuwa na yi a keke sai ta tambaye ni ƙarfe nawa."

Ya shiga ɗaki ya fito da katin, gefensa duk ya lanƙwashe, ya miƙa mata da hannu biyu.

Washegari ta rufe keke, ta gaya wa masu ɗinki su yi haƙuri. A bakin ƙofar asibitin ta tsaya kamar mai jiran wani, har mai gadi ya tambaye ta ko ɓata ta yi. Da ta shiga, warin maganin goge ƙasa ya tarbe ta, shi ɗin dai, bai canza ba. An sake wa barandar fenti, an sa kujerun ƙarfe, amma ƙafarta ta gane wurin tun kafin idonta. Wani ya turo gado ya wuce, tayarsa ɗaya tana ƙugi, ta manne da bango ta runtse ido har ƙarar ta yi nisa. Komawa ta fi sauƙi, kuma ba wanda zai sani. Ta damƙe katin har ya shige mata tafin hannu, ta ci gaba.

A tagar ɗakin kati akwai layi. Da aka zo kanta, ma'aikaciyar, wata mai tabarau a kan hanci, ta miƙo hannu ba tare da ta ɗago ba.

"Wane likita za ta gani?"

"Ba ganin likita ba ne. Rasuwa ta yi, na zo in faɗa."

Matar ta ɗago. Ta dubi katin, ta dubi Maman Biyu, ta sake duban katin. Sai ta cire tabarau.

"Dakta ce? Allah sarki. Allah ya ji ƙanta. Ta hana mu sakat a ɗakin nan, baiwar Allah. Kati ɗaya ba kwanan wata, sai ta tsaya a kanki har ki nemo." Ta buɗe ƙofar gefe. "Shigo ki zauna, Mama. Ita ta aiko ki, ko?"

"Ita ce."

"Ai na sani."

Ta jawo kwamfuta ta shiga tambaya. Yaushe? A ina? Tana shan maganin har ƙarshe, ko ta daina? Maman Biyu ta amsa ɗaya bayan ɗaya, don ita ke ba ta da hannunta, ta san ranar da ya daina wuce maƙogwaro. Ma'aikaciyar ta shigar da komai. Daga nan ta danna, ta juyo mata da fuskar kwamfutar duk da ba ta nema ba.

"Ga shi nan. An rubuta."

Ta miƙe ke nan za ta fita, wani dattijo da ke bayanta a layi, wanda duk ya ji abin da aka yi, ya leƙo ta taga yana juya hularsa a hannu.

"'Yata, gafara dai. Dama ana zuwa a faɗa ne? Matata... bara ne. A gida. Ko ya yi nisa?"

"Bai yi ba, Baba," in ji ma'aikaciyar. "Kana da lambarta?"

Ya shiga laluben aljihu. Maman Biyu ta riƙe masa ƙofar, ta jawo masa kujerar da ta tashi a kai, ta karɓi hular ta riƙe masa har ya samo katin.