Ku Bar Ƙarar Nan

Duk layinsu Injiniya ake kiranta, har surukarta da ba ta cika son sunayen wasa ba. Sunan ya samo asali ne daga doguwar wayar da ta ɗaure a saman rufin gidansu, daga tankin ruwa zuwa wata sanda a ɗaya kusurwar. Maƙwabta sun daɗe suna zaton igiyar shanya ce, sai ranar da wata ta hau da jiƙaƙƙun zannuwa aka kusa ɓatawa. Eriya ce. Ta gangaro ta tagar kicin ta shiga wani ɗan akwati da bai wuce tafin hannu ba, shi kuma an jona shi da tsohuwar kwamfuta da ke zaune ƙarƙashin matakala tana huci. Amfanin wannan tarkacen shi ne, duk mai intanet, ko ina yake, zai iya buɗe shafin Injiniya a wayarsa, ya ja yatsa hagu ko dama, ya saurari abin da eriyar ta kamo: tashoshin labarai na nesa, masu hirar rediyo don sha'awa, jiragen sama, jiragen ruwa.

A ƙasan shafin ta sa wani ɗan fili inda mai saurare zai rubuta ra'ayinsa, kuma wannan filin shi ya hana ta sakat. Tun da sababbin mutane suka gano shafin, kowa da buƙatarsa. Wannan ya ce maɓallan sun yi wa babban yatsansa ƙanana. Wancan yana son a ba shi hanyar ajiye tashar da ya samu, don jiya ya ji wata waƙa mai daɗi, yau ya neme ta ya rasa. Wani bawan Allah kuwa, ba kunya ba tsoro, ya tambaya ko za a iya sa masa ya riƙa jin wayar maƙwabcinsa. Amma ƙorafin da ya fi yawa ɗaya ne: ƙarar nan ta shuuu da ke cika kunne tsakanin tasha da tasha. Wani ya ce kamar ana suya a kansa.

Injiniya ba ta iya ganin ƙorafi ta wuce. Ta rubuta da manyan baƙaƙe a saman shafin cewa muna nan muna aikin cire ƙara, a yi haƙuri. Maigidanta, wanda ke da kantin magani a bakin titi, ya leƙo ta kafaɗarta ya tambaye ta ita da wa, don shi dai a iya saninsa ma'aikatan kamfanin nan su biyu ne, ita da fankar kwamfuta.

Washegari wani saƙo ya shigo daga sabuwar mai saurare. Ta yi sallama, ta ce ɗanta yana aiki a jirgin kamun kifi, shi ke riƙe da rediyon jirgin, kuma kullum da safe tashar bakin teku tana kiran jiragen su faɗi inda suke. Ta nan take jin muryarsa, don inda suke zuwa waya ba ta shiga. Sai ta rufe da cewa: "Don Allah ku bar ƙarar nan." Ta sa hannu da Maman Matuƙi, ta ajiye lambar wayarta.

Saƙon ya taɓa Injiniya ƙwarai. Ta karanta wa maigidan da ƙarfi, ta ce ya duba wannan baiwar Allah, kullum tana kasa kunne tana neman ɗanta cikin wannan hayaniya, har ta gaji ta roƙa a daina. Ta ce ko don ita kaɗai sai ta ga bayan ƙarar nan.

Ta kuwa ɗaura ɗamara. Da rana tana kula da kwamfutocin wani kamfanin jigilar kaya. Da ta dawo sai ta ja kujera ƙarƙashin matakala, ta sunkuya yadda kanta ba zai bugi siminti ba. Dabararta ita ce ta kafa wa sauti wata 'yar ƙofa: duk abin da ƙarfinsa ya kai a bar shi ya wuce, abin da bai kai ba a rufe masa. Gwajin farko ya riƙa gutsure wa masu karanta labarai ƙarshen magana, kamar ana fizge musu makirufo. Na biyu ya sa muryoyi suka koma kamar daga cikin randa. Ta ƙona abinci, ta manta da bikin 'yar ƙawarta, maigidan ya fara cewa a nemo masa lambar fankar nan ya ji ko ita tana da lokacinsa. Ba ta ko ɗaga kai ba.

Ranar da abin ya zauna daidai, shafin ya yi tsit kamar ɗakin karatu. Murya ta fito fes, in ta ɗauke sai shiru mai tsabta. Yabo ya riƙa shigowa. Mai ƙorafin suya ya ce Allah ya yi mata albarka, har mai son jin wayar maƙwabci ya yaba, ya kuma tuna mata da tasa buƙatar. Mutum ɗaya ce ba ta ce uffan ba, wadda aka yi aikin dominta. Gaskiya abin ya ɗan sosa wa Injiniya rai.

Da saƙon Maman Matuƙi ya zo, ba godiya ba ce. Ta ce kwana biyu shiru take ji, ko sun san wani abu ya sami jirgin?

Injiniya ta kwana tana juya maganar. Da gari ya waye, bayan ta idar da salla, ta buɗe shafin ta kai yatsa inda ake kiran jiragen. Tashar bakin teku ta fito sarai. Jiragen kusa suka amsa ɗaya bayan ɗaya, su ma sarai. Can sai mutumin tashar ya kira wani jirgi, aka yi shiru, sannan ya ce to madalla, ya wuce na gaba. Abin ya ɗaure mata kai. Madalla da me, ba wanda ya yi magana?

Da wannan tunanin ta tashi tana kwashe kayan karin kumallo, hankalinta ba ya jikinta, har ta ɗauke kofin da ke gaban maigidan.

"Bar shayin nan," in ji shi, "ban gama ba."

Ta tsaya da kofin a hannu. Ta dube shi, ta dubi kofin, ta mayar masa a hankali. Bar shayin nan. Ba cewa ya yi ta daina shayi ba. Ta lalubo saƙon farko ta sake karantawa, sai ta ga kalmomin ba su canza ba ko ɗaya, ita ce ta karanta su da kunnen masu ƙorafi. Matar ta ga sanarwar cire ƙara ne, ta zo roƙo a bar mata kayanta.

Nan take ta kira lambar. Muryar dattijuwa ce, a dushe, irin ta wanda bai yi barcin kirki ba. Injiniya ta gaishe ta, ta faɗi ko ita wace ce, ta tambaya ko cewa ta yi a ƙyale ƙarar yadda take.

"Ai abin da na roƙa ke nan, 'yata. Shi a cikinta yake."

Ta yi bayani. Jirginsu ya fi kowanne nisa, muryarsa ba ta taɓa fin ƙarar ƙarfi ba, tana ƙasa-ƙasa ne a cikinta, sai ka saba za ka tsinto ta. Tun ranar da shafin ya yi shiru abinci ya daina wuce mata. Ta je ofishin masu jirgin, wani mai ɗaure da taye ya ce mata komai lafiya, amma haka aka ce wa maƙwabciyarta a bara, kuma ba lafiyar ba ce. Ita sai ta ji da kunnenta.

Kunya da tausayi suka rufe Injiniya lokaci guda. Ta gaya mata cewa ɗazu ta ji mutumin tashar ya ce wa wani jirgi madalla. Dattijuwar ta ce Allah ya sa nasu ne, amma jiragen nesa ba ɗaya ba ne.

"Mama, gobe da safe ki buɗe. In Allah ya yarda za ki samu ƙararki."

Ta kira ofis ta ce yau ba za su gan ta ba. Mayar da shafin yadda yake da ba wuya, amma sai ta kwashe wa sauran jama'a shirun da suka samu, kuma gobe su dawo mata da suyarsu. Abin da take so shi ne kowane mai saurare ya riƙe tasa ƙofar, ya buɗe ko ya rufe. Matsalar ita ce ta gina ƙofa ɗaya ce tilo a bakin komai, yanzu sai ta warware aikin ta ba kowa tasa, kuma tsohuwar kwamfutar ba ta son a ƙara mata kaya. Kwamfutar ta ɗauke sau ba adadi. Injiniya ta buɗe cikinta ta hure ƙura, ta jawo fankar falo ta saita mata, ta rage ƙyale-ƙyalen launukan shafin don a samu sarari. Kanta ya bugi matakala har ta daina cewa wash.

La'asar sakaliya maɓallin ya fito, babba, yadda yatsan dattijuwa ba zai kuskure shi ba. Saura abin da za a rubuta a kai. Maigidan, da ya shigo cin abinci ya tarar babu, ya ba da shawara a rubuta "Bar ƙara". Kallon da ta yi masa ya sa ya koma kanti da yunwarsa. Ta rubuta "A ji komai".

Da safe ta kira Maman Matuƙi, ta bar layin a buɗe, ta ajiye wayar kusa da kwamfuta. Maigidan ya jingina da ƙofar kicin, yau ba tsokana. Suka danna maɓallin, ita a nan, dattijuwar a can. Shuuu ta cika ɗakin, kuma Injiniya ba ta taɓa zaton za ta yi murnar jin ta ba.

Tasha ta fara kira. Jiragen kusa suka amsa. Aka kira wani na nesa, wata murya ta motsa can ƙasa, dattijuwar ta ce ba shi ba ne. Aka kira wani, nan ma ta ce a'a. Aka kira na gaba, ƙarar ta yi sama ta yi ƙasa, Injiniya ta matso da kunne har ya taɓa lasifika. Ba ta ji kalma ko ɗaya ba. Abin da ta ji kawai wani ɗan ƙwas-ƙwas ne a gindin hayaniyar, irin abin da ƙofarta ta riƙa sharewa a matsayin datti.

A waya kuwa sai murya ta taso.

"Ga shi nan," in ji dattijuwar. Ta yi hamdala, ta ja hanci, sai muryarta ta koma ta faɗa. "Ji shi fa. Har yanzu bai sha maganin tarin nan da na sa masa a jaka ba."