Ranar da Na Tsare wa Taurarin Zango Gida

Sunana Sumani, doya nake sayarwa a kasuwar Salaga, kuma shekara ashirin ina faɗa wa mutane cewa ni tsohon gola ne. Ina saurayi na yi shekara uku a Bawku wurin kawuna mai fataucin shanu, na shiga wata ƙungiyar ƙwallo a can. Wannan gaskiya ne. Abin da ban taɓa faɗa ba shi ne, ni ne gola na uku, kuma ko sau ɗaya ba a sa ni a wasa ba.

Filin ƙwallonmu ba wani abin kallo ba ne. Ciyawa a gefe, tsakiya jar ƙasa, rumfar kwano guda ɗaya ta manyan baƙi, ga tumaki da sai an kore su kafin rafali ya hura usur. Amma duk Lahadin da ƙungiyarmu Taurarin Zango ke wasa ina can bayan raga, ina koya wa golanmu Jamaldeen aikinsa. "Fito! Koma! A Bawku ba haka muke yi ba."

Washegarin Babbar Sallah aka shirya wasan sada zumunci da wata ƙungiya daga Yendi. Da hantsi Jamaldeen ya faɗi da babur a hanyar gona, hannunsa ya kumbura. Gola na biyu yana Kumasi wurin biki. Ina zaune a rumfata sai ga kocinmu, Abdul-Nasir, da mutum biyar a bayansa.

"Yaya Sumani," in ji shi, "yau garin nan yana bukatarka."

Na ce gwiwata ba ta da daɗi. Ya ce ai gola ba ya gudu. Na ce shekarata arba'in da bakwai. Mai rumfar da ke kusa da tawa ya sa baki, ya ce ko jiya na gaya masa har yanzu hannuna bai manta ba. Na duba fuskokinsu, na ji bakina ya ce to.

A gida matata Sadiatu tana yanka naman layya. Ita kaɗai na taɓa faɗa wa gaskiyar zancen Bawku.

"Maigida, ka koma ka faɗa musu," ta ce.

"Ai na riga na amsa."

"To ka ci abinci kaɗan. In za su ɗauko ka, kada ka yi musu nauyi."

Ƙarfe huɗu fili ya cika, har da masu hawa bishiya. Rigar Jamaldeen ta tsaya mini a cibiya. Mai lasifika ya sanar cewa yau Katangar Bawku ne a raga, sunan da ni na raɗa wa kaina tun tuni, jama'a suka yi ta tafi.

Ƙwallo ta farko ta shiga ina gyara safar hannu. Ta biyu na gan ta sarai, na yi niyyar tsalle, amma kafin ƙafafuna su yarda ta wuce. Ta uku ta bi ta tsakanin ƙafafuna a hankali, har na samu lokacin juyawa na raka ta da ido. Ɗan wasan gaban Yendi, wani dogo da ake kira Nazif, ya zo ya ɗauko ta daga raga, ya ɗan rusuna ya ce, "Kawu, ka yi haƙuri." Wannan ya fi ƙwallayen zafi.

Da aka tafi hutun rabin lokaci na zauna a gefen fili. Koci ya miƙo mini ruwa yana kallon wani wuri.

Bayan an dawo suka ƙara ɗaya, mu ma muka ci ɗaya. Saura minti goma aka ba Yendi fenariti. Nazif ya ajiye ƙwallo, ya ja da baya. Na yanke shawarar faɗawa dama, sai gwiwata ta ƙi motsi. Shi kuma ya ɗauka zan faɗi gefe, ya narka ta tsakiya da duk ƙarfinsa. A cikina ta sauka. Na durƙushe a kanta, ba don in riƙe ta ba, numfashina ne ya ɗauke.

Fili ya ɗauki ihu. Mutane suka ruga ciki suna kiran Katanga, ni kuwa ina ƙasa ina salati a zuci. A bayan babur mai ƙafa uku na ɗaukar doya aka kai ni gida, ban ga ƙarshen wasan ba. Wani ɗan baya ne ya shiga raga, ba a ƙara zura masa ko ɗaya ba.

Kashegari Abdul-Nasir ya zo duba ni, ya tarar Sadiatu tana gasa mini ciki da ruwan zafi. Na ce ya zauna, akwai abin da zan faɗa masa. Na faɗa masa komai.

Ya yi murmushi. "Yaya, ai mun sani. Direban da ke kawo mana albasa daga Bawku tare kuka yi ƙungiyar. Ya fi shekara goma da ba mu labari."

"To me ya sa kuka zo wurina?"

"Mutum huɗu muka tambaya kafin kai. Duk sun san Nazif."

Sadiatu ta juya fuska, kafaɗunta na rawa don dariya.

Kwana tara ina salla a zaune. Da ƙungiyar ta tafi Yendi ramuwar wasa, hannun Jamaldeen ya warke, ni kuma na ce ina da baƙi masu sayen doya daga Tamale. A waya na bi wasan. An ci mu biyu da ɗaya.